Kilifa a Gemun Baffa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka je nema wa ƙanena Sadiƙu aure ba, kuma ko na so in manta dangi ba za su bari ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don a ganina mu da yawa muka yi laifin nan, amma ni kaɗai aka rataya wa jakar tsaba.

Asalin abin, faɗa na yi da mai askin layinmu a Dilimi. Ina zaune tun hantsi ina jiran a zo kaina, wani mai babbar mota ya shigo, aka kaɗe masa kujera, ni kuwa aka ce, "Oga, ɗan ƙara haƙuri." Na tashi na fice, na ce ni da shagon aski har abada. Washegari na sayo kilifar aski a wurin 'yan gwanjo, irin marar igiyar nan da ake yi wa caji. Na jona ta yini guda, ko tari ba ta yi ba. Da na kwance ta sai ga 'yan batura irin na da, masu nikel da kadmiyam, sun mutu murus. Na zaga shagunan kasuwar Taminus kaf, kowa sai ya juya su a hannu ya ce an daina kawo irinsu.

Mai hankali a nan zai haƙura. Ni kuwa waya na ɗauko. Na ci karo da bidiyon wani dattijon Bature a garejinsa, yana bayani cikin natsuwa kamar mai wa'azi. Wai in irin wannan batir ya daɗe a ajiye, wasu 'yan tsirrai kamar gishiri ne ke fitowa a cikinsa su tare hanya, kuma in ka ɗan ɗosana masa wutar babban batir sai su ƙone, ya farfaɗo. (Abin da bawan Allahn nan bai faɗa ba shi ne tsawon ran da batir ɗin zai yi bayan ya farfaɗo. Wannan kam ban yafe ba.)

Babban batir ɗin da na sani shi ne na Pam, mai keke-napep ɗin da ke kai mini yara makaranta. Na same shi, muka ɗaga kujerar keken, na ɗauko wayoyi biyu na ɗosana. Tartsatsi ya yi fat! Na sake, fat! Na mayar da baturan, na yi musu caji, na danna. Sai ga kilifa tana kuka kamar sabuwa.

"Kai, Oga!" in ji Pam. "Wannan abu ya tashi fa! Kai injiniya ne, gwamnati yana ɓata ka a ofis."

Kaina ya kumbura. Duk wanda ya shigo gidana sai na kunna masa ita a iska ya ji ƙara, in ba shi labarin gishirin da ke cikin batir. A ofis ma na kai ta. Ashe ɗan ran da ya rage mata nake rabarwa sadaka.

Ranar Asabar da safe Baffa ya iso daga Bukuru. Ƙanin mahaifinmu ne, shi ya rage mana, kuma shi zai yi magana a madadin dangi a gidan su yarinyar. Baffa yana da gemu fari tas har ƙirji, wanda ya girme ni, yana shafa masa turare kafin ya shafa wa rigarsa. Ya dubi madubi ya ce gefe-gefen ya ɗan yi buzu-buzu, ina mai aski a nan kusa?

"Haba Baffa, ai ba sai kun fita ba," na ce. "Ga kayan aiki a gida."

Na zaunar da shi a tsakar gida, na yafa masa tawul. Ɓangaren dama ya tafi lafiya lau, har yana lumshe ido. Da na koma hagu, na shiga inda gashin ya fi cika, sai na ji kukan kilifa ya sauya, ya yi ƙasa kamar akuyar da aka shaƙe. Kafin in janye hannu ta cafki gashin, ta tauna, ta yi shiru. Na ja, Baffa ya yi salati. Na murɗa, ya ƙara salati da ƙarfi. Da na saki sai ta tsaya a wurin tana lilo a gemunsa.

"Cire mini wannan abu."

"Yanzu, Baffa. Wuta ce kawai ta ɗan yi ƙasa."

Babu wutar lantarki, don haka na kwance murfin kilifar tana nan maƙale a fuskarsa, na zare baturan, na ruga waje inda Pam ke jiran kai mu. Wannan karon, saboda gaggawa, ban ɗosana ba, dannawa na yi na riƙe. Ɗan batir ɗin kilifar ya yi zafi har ya ƙona mini yatsa, ya yi tsaki, wani farin abu mai wari ya fito ta bakinsa. Pam, mutumin da ya naɗa ni injiniya, ya ja da baya yana toshe hanci.

"Oga, ni dama na san wannan abu ba zai yi ba."

Ka ji mutum!

Baffa ya ce ko za a yanka shi ba zai taka titi da ƙarfe a gemu ba. Sadiƙu yana ta duba agogo kamar zai yi kuka, don surukai sun riga sun bugo waya. A ƙarshe mai ɗakina ce ta kawo almakashin ɗinkinta, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Na yanke kilifar. Ta fito da gashi cike da baki, ta bar rami a gemun Baffa wanda ƙwai zai zauna a ciki. Na ba da shawarar a rage sauran ya daidaita. Kallon da ya yi mini ya sa na haɗiye sauran maganar. Ya ɗauki hiraminsa ya naɗe fuska har hanci, ya ce in an tambaya sanyin Jos ne.

Mahaifin yarinyar, Alhaji, ɗan kasuwar Katako ne, kuma ya tara 'yan'uwansa cike da falo. Wanda zai ba da auren kuwa yayan Alhajin ne, wani tsoho mai nauyin kunne. Aka gaisa, aka yi addu'a, Baffa ya fara jawabi ta cikin hirami. Tsoho ya karkato kunne.

"Me ya ce?"

Baffa ya maimaita. Tsoho ya girgiza kai.

"Malam, maganar aure ba a yin ta a cikin tsumma. Ku buɗe baki mu ji abin da ya kawo ku."

Na ga Baffa ya zaɓi auren Sadiƙu a kan mutuncinsa, ya sa hannu ya warware hiramin a hankali. Alhaji ya sunkuyar da kai yana nazarin darduma. Tsohon nan kuwa ya matso, ya ƙura ido, ya ce da iyakar muryarsa:

"Subhanallahi! Gobara aka yi?"

"A'a," in ji Baffa. "Ilimi ne. Ga mai shi can. Tashi ka yi musu bayani."

Na ɗauka wasa ne. Ba wasa ba ne. Na miƙe a gaban surukan ƙanena, da babbar riga da ƙonannen yatsa, na fara: "Wato, shi batir mai nikel da kadmiyam..." Kuma abin takaicin, maimakon in ba da haƙuri in zauna, sai na ji bakina yana kare kansa, wai dabarar tana da kyau, matsalar daga yawan gashin ne. A nan Alhaji ya kasa riƙewa. Dariya ta ɓarke har mata suna leƙowa ta labule.

Da aka lafa, tsoho ya share hawaye ya ce, "Mun ba ku yarinya. Mutumin da ya fito a haka don ɗansa, gidansa gidan kirki ne. Sharaɗi ɗaya: ranar ɗaurin aure a nisanta wannan da kan ango."

An yi aure, har sun haihu. Baffa bai amsa gaisuwata da baki ba sai da ramin ya cike. Ni kuwa har yau a gidan surukan nan ba wanda ya san sunana, Mai Batir suke ce mini, yaransu ma haka. Kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya yaba cewa baturan nan fa sun tashi, da idona na gani!

Abin da na koya dai shi ne, abin da ya mutu a bar shi ya huta. In kuma ƙaiƙayin hannu ya matsa maka sai ka tashe shi, to ka nemi gemun da ba shi da jawabi a ranar.