Sai Ka Kawo Wanda Zai Gaje Ka

Wani ne ya shekara goma sha ɗaya yana aiki a ɗakin ajiyar fayil na wani kamfanin sayar da kayan gini, can ƙasan bene, jikin ɗakin janareta. Kujerarsa ƙafa uku gare ta, ta huɗun tsofaffin fayiloli ne ya jera. Amma aiki kam ya iya shi. Ko takardar kwangilar shekara bakwai ka tambaye shi, ba ya ko ɗago kai, zai ce maka kanta ta uku, bayan kwalin da ɓera ya ci.

Waɗanda aka ɗauke su tare duk sun watse, kowa ya nemi gaba. Har wani kamfani ya aiko masa da takardar ɗaukar aiki, albashi ninki biyu, gogan ya mayar musu da abarsu. Wai shi ba ɗan tsalle-tsalle ba ne, a nan ya fara, a nan zai zama babba. Matarsa ta yi kwana uku ko sannu ba ta ce masa ba.

Burinsa ɗaya ne a duniya, a mai da shi hawa na biyu, inda ake da na'urar sanyi da kujera mai juyawa. Ran nan ya sha guga, ya hau wurin manaja ya kai kukansa.

Manaja ya ce, "Ai ƙa'idarmu mai sauƙi ce. Ba ma ɗaga mutum sai ya koyar da wanda zai gaje shi. Ka kawo magaji, ka hau."

Mutumin ya sauko bakinsa har kunne. Aka ba shi wani sabon ɗauka, ya zage ya juye masa duk abin da ke kansa, har da inda ake bugun durowa ta buɗe. Bayan wata shida ya tasa shi gaba zuwa sama, yana tafe yana gyara wuyan riga. Manaja ya yi wa sabon tambaya biyar, ya amsa shida. Sai manaja ya girgiza kai, ya ce irin wannan ƙwaƙwalwa asara ce a bar ta kusa da janareta. Nan take aka ba shi tebur a hawa na biyu. Malaminsa kuwa aka yi masa godiya, aka ce ya ƙara ƙoƙari.

Ta biyu mace ce, ita wata huɗu ma ta yi. Na uku kafin ya gama sanin hanyar bayi an kira shi sama. Ya zamana kullum da safe mutumin sai ya tsaya a gindin bene ya gaida ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, su ɗaga masa hannu da makullin mota. In hutu yake so, su ne masu sa hannu.

Matarsa ta ce, "Baban yara, don Allah in tambaye ka mana. Wai a wurin aikin naku, tsani ma albashi ake biyansa?"

Maganar ta ƙona masa rai ƙwarai. Ya zauna ya yi tunani mai zurfi irin nasa, ya gano bakin zaren: laifinsa shi ne koyarwa da kyau. Saboda haka da aka ce ya zaɓi na huɗu, ya bi masu neman aiki ɗaya ɗaya, ya tsamo wani wawa wanda ya cike fom ɗinsa a juye. Ya koya masa komai a baibai. Shi kuma bawan Allah ya ƙara da tasa basirar, ya jera fayiloli bisa kauri, masu ƙiba a ƙasa, ramammu a sama. Tagar da ta fashe kuwa ya toshe ta da takardun filin kamfani.

Wata biyu aka yi ana neman takarda ɗaya. Manya suka shiga taro. Korar ma'aikaci doguwar shari'a ce, sai suka tambayi juna, ina ne a gidan nan mutum zai wuni bai taɓa takarda ba? Aka duba aka ga hawa na biyu ne. Aka naɗa wawan mai kula da sashen fayil, wato ogan mutuminmu kai tsaye.

Ko ƙwanƙwasa ƙofa bai yi ba mutuminmu ya faɗa ofishin manaja.

"Yallaɓai, mutum huɗu na kawo! Masu kai kun ɗauke, marar kai kun ɗauke. Ni yaushe zan hau?"

"Ka kawo magaji."

"Wane magajin kuma? A ina zan samo wanda zai zauna?"

Manaja ya juya a kujerarsa, ya ce, "Kwantar da hankalinka, na sama maka. Ƙanen matata na gama makaranta wata mai zuwa. Amma don Allah kada ka daɗe da shi, yana da saurin jin zafi."