Bayan Rigar Kawu Sule

Cikin abin kunyar da na yi a rayuwa, wanda ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne na babbar rigar Kawu Sule, shekarar da fari ya hana mu gero. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma zai ba da auren 'yarsa Talatu. Akuyarsa ta ƙarshe ya kai kasuwar Ɗambatta ya sayo farin yadi, tela ya haɗa, ya kawo mini in yi masa aikin hannu a wuya da ƙirji. Ba shi da wata rigar shiga mutane sai ita.

Ni kuwa a lokacin ji nake babu mai allura kamata daga nan har Makoda. Yadin ya yi laushi, zare yana tattare shi, sai na dama sitacin rogo mai kauri na tsoma rigar gaba ɗaya (ƙirjin kaɗai ke buƙata, amma sitacin ya yi saura, kuma ba shekarar zubar da abu ba ce). Da ta bushe na naɗe bayanta na ɗaure da tsumma don kada ta yi dauɗa, na bar inda nake aiki kawai. In na tashi sai in ajiye ta a rumbunmu, tunda babu komai ciki.

Inna ta ce, "Kai, ka riƙa warware rigar nan tana shan iska." Na ce, "Inna, wannan aikin maza ne." Allah Ya yafe mini.

Sai da safiyar ɗaurin aure na gama. Na tarar da Kawu a zaure cikin baƙi, na kwance tsumman na zura masa da hannuna, don kowa ya san wanda ya yi. Aka yi ta "Masha Allah", ina sunkuyar da kai irin na ƙarya. Kawu ya juya zai yi gaba zuwa masallaci, sai kowa ya ƙura wa bayansa ido. Ɓeraye sun bi sitacin sun cinye bayan rigar, wata hudar har dunƙulen hannu zai shiga, ana hango singiletinsa.

Abokin wasansa Malam Audu ya ce, "Sule, wannan ta bazara ce? Na ga har tagogi aka yi mata."

Kawu ya kai hannu baya, yatsunsa suka shige. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, a wannan yunwar har ɓera ka ciyar. Allah Ya ba ka lada."

Haka ya tafi da ita. Na manne a bayansa har masallaci ina tare hudojin, can kuma ya jingina da bango bai motsa ba sai da kowa ya watse.

Tun daga ranar iyakar sitacina ƙirji, kuma na gane cewa in rumbu babu hatsi, ba mutane kaɗai ke kwana da yunwa a gidan ba.