Yatsan Malam Bawa

Duk ƙasar Gwandu, a shekarar 1993, ba a yi masanin cikin yara kamar Malam Bawa ba. Ba likita ba ne, mai kula da ɗakin yara ne a wani ƙaramin asibiti, amma alƙalami huɗu yake sokewa a aljihu, kuma ba ya amsa gaisuwa sai an ce Dokta. A bayan idonsa Dokta Yatsa ake ce masa.

Wasu sai da awo suke gane ciwo. Shi yatsa ɗaya ya ishe shi. Gado goma sha biyu ne a ɗakin. Kullum da safe sai ya ɗaga zanen yaron gadon farko ya duba kashinsa, ya goge hannu a hankici, ya tura yatsa bakin na gado na biyu yana shafa dasashi. Haka har bango. Tazarar famfo da ƙofa taku tara ce, amma babban mutum ba ya katse aiki.

Wanda aka kawo da zazzaɓi, da mai ƙurji, da mai tari, kwana uku duk sai amai da gudawa. Malam Bawa ya gyara hula ya ce, "Haƙori ne. A ɗakina yaro ba ya jinkirin haƙori."

Wata likita ta zo daga Birnin Kebbi, ta ce ƙwayar cuta ce mai suna rotabairos, hannu ke kai ta baki. Ya sa aka rubuta masa sunan, ya yi mako yana burge masu shayi da shi.

Hajara 'yar garin Kambaza ce a gado na goma sha biyu, da ɗanta Lukuman, ɗan wata bakwai, wanda kunu ya ƙona wa ƙafa. Ta ƙirga gadajen da yatsan ya bi, goma sha ɗaya. Da ya iso, ta goya ɗanta ta ɗaure zane.

"Ranka shi daɗe, ƙafa na kawo. Bakinai lafiya lau."

Nan take ya sallame ta saboda rashin kunya. Ta hau mota zuwa Kalgo gidan yayarta, ƙafar ta warke, cikin yaron ko motsi bai yi ba.

A rahoton wata, Malam Bawa ya rubuta cewa yara goma sha ɗaya sun fara haƙori a hannunsa, ɗaya kuma jahilcin uwa ya hana. Biyu daga cikin sha ɗayan a tabarma aka fita da su, babu haƙori ko ɗaya a bakinsu.