Ranar da Na Hana Baba Isiyaku Karɓar Auren Ɗansa

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka ɗaura auren abokina Sabi'u ba, duk da cewa ban halarci ɗaurin auren ba. Ni da ban je ba ma da sauƙi. Abin da ke cin raina har yau shi ne wanda na hana zuwa.

Lokacin ban daɗe da sayen wata tsohuwar mota ba, kuma kullum da safe sai na tarar da ɗigon baƙin mai a ƙarƙashinta. Maimakon in kai ta gareji, sai na shimfiɗa kwali don in gane inda yake zubowa. Na ga daga notin da ake kwancewa in za a yi juyen man inji ne. Na ari sifana, na kwanta a ƙasa, na yi ta ɗaurewa har na ji notin ya fara juyawa a banza. (Yanzu na san haƙoransa na cinye. A lokacin cewa na yi ya zauna daram.) Na shafe wurin da gam, na tashi ina jin kaina injiniya.

Sabi'u maraya ne. Ƙanen mahaifinsa, Baba Isiyaku, shi ya rene shi tun yana rarrafe, kuma shi ne zai karɓa masa aure a Hunkuyi bayan an sauko daga masallaci. An tanadar wa dattijon wuri a bas ɗin 'yan rakiya, ni na hana.

"Haba, Baba da girmansa a cikin bas? Ni zan kai shi," in ji ni.

Mun bar Makarfi gab da azahar, yana gaba kusa da ni, sai ƙamshin turare yake. Ba mu yi nisa ba jar fitilar nan mai kama da buta ta kama a gabana. Na san ma'anarta sarai: man inji ya yi ƙasa. Amma in tsaya in ce wa dattijo motata ba ta da lafiya, bayan duk cika bakin da na yi? Sai na cire hulata, kamar zafi ya dame ni, na kifa ta a kan fitilar.

A tsakiyar gonakin rake injin ya fara ƙara kamar ana daka, sannan ya yi shiru. Na fita na leƙa, sai ga layin baƙin mai a kan kwalta, ya miƙe har iya ganina. Ina tsaye cikin rana kai ba hula, Baba Isiyaku ya tausaya min, ya ɗauko hular zai miƙo min. Makulli na kunne, fitilar tana nan tana ci.

Ya dube ta, ya dube ni.

"Tun yaushe ta kama, ɗana?"

"Tun bayan gari, Baba."

Ya miƙo min hulata. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Hanyar babu kowa, duk an tafi masallaci. Da ƙyar muka samu mai babur, ya ɗauke shi, yana riƙe da babbar rigarsa kada ta shiga taya. Ya isa an shafa fatiha. Liman ya jira har mutane suka fara watsewa, sai wani maƙwabci ya tsaya a madadin Baba Isiyaku. Sallar Juma'ar ma ta wuce shi.

Washegari na je gida na durƙusa na ba shi haƙuri.

"Allah bai nufa ba," ya ce. "Na dai so a ce da bakina na karɓa wa yaron nan."

Sabi'u bai taɓa tayar min da maganar ba. Amma duk hoton da aka ɗauka a ƙofar masallaci, babu mutumin da ya rene shi a ciki.

Injin ya buga, na sayar da motar a haka. Darasin da na koya kuwa bai da yawa: kunyar cewa "motata ba ta da lafiya" a ƙofar gida ake jin ta, a gaban mutum ɗaya. In ka ƙi, za ka ji ta a bakin titi, kuma gari guda ne zai taya ka ji.