Wando Uku a Gaban Majistare

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je kotu ba da shaida a kan mutuwar alade ba. Ko da ma na so in manta, mutanen Kafanchan ba za su bar ni ba.

Ni mai facin taya ne da gyaran keke. Rumfata tana bakin titi, kusa da inda layin dogo ya ratsa hanya. Makaranta aji huɗu na yi na gudu, don haka karatuna bai wuce in gane sunana da lambar waƙa a coci ba. Ban taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba, ban taɓa leƙa kotu ba, kuma da hakan nake fahariya.

Abin ya faru ba da daɗewa ba bayan rikicin addinin nan na garinmu. Wanda bai zauna a nan a lokacin ba, ba zai gane irin tsoron da ke cikin mutane ba. Soja ke mulki. An kwashi mutane an yi Kaduna da su, wasu da laifinsu, wasu kuma an ce tsautsayi ne ya fito da su bakin hanya. In motar 'yan sanda ta tsaya kusa da kai, ko ruwa za su zuba wa inji, sai ka ga kowa yana zamewa.

To, ranar kasuwar aladu ce. Baba Yakubu, dattijo a cocinmu kuma ƙanin baban matata (ka ga surukina ke nan), yana jan wani ƙaton alade da igiya zai tsallaka titi. Sai ga Oga Okeke, wani Ibo haifaffen kwatas ɗin reluwe mai sayar da kayan gini, ya sheƙo da a-kori-kurarsa a guje. Ya taka birki, birki ya ƙi. Alade ya tafi lahira nan take, Baba Yakubu ya faɗa kwata ya gurɗe ƙafa. Da ɗan sanda ya zo ya ce wa ya ga abin da ya faru, kowa ya kama kallon sama. Ni kuwa bakina, wanda ba ya shawara da ni, ya ce, “Ni na gani.” Ya rubuta sunana ya tafi. Na manta da maganar.

Bayan watanni ina cikin ɗaure wa wani keke sarƙa sai ga masinjan kotu da takarda. Da na hango dawakan nan biyu na tambarin gwamnati a samanta, sai sifanar da nake aiki da ita ta suɓuce daga hannuna. Mutumin ya yi bayani mai tsawo, na tabbata ya ce shaida kawai zan bayar. Amma abin da ya shiga kunnena ya zauna guda ɗaya ne: “Ranar Talata. In ba ka zo ba, za a zo a ɗauke ka.”

Matata ta ce, “Baban Rahila, ka je ka tambayi Fasto mana.”

Na ce, “Fasto ya taɓa kwana a sel?”

Sai na nufi wurin wanda ya taɓa kwana. Akwai wani Ɗanladi da muke kira Lauya. An taɓa tsare shi a gidan yari a kan ƙarafan reluwe da aka samu a bayan ɗakinsa, tun daga nan ya zama shi ke fassara wa unguwa doka, a gindin mangwaron gidan burkutu. Ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya, ya girgiza kai a hankali kamar mai duba gawa.

“Aboki, wa ya aike ka ka ce ka gani?”

Na ce, “Ai shaida ce kawai, ko?”

“Kawai?” Ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. “Mai laifi yana da lauya. Kai wa kake da shi? Za su sa ka ka rantse da Littafi. Lauya zai tambaye ka da Turanci, ya juya, ya sake tambayarka ta baya. Ka ce alade daga hagu ya fito, an jima ka ce dama, shi ke nan, ka yi rantsuwar ƙarya. Ta ƙofar baya za a fita da kai. A ɗakinmu akwai wani, shaida ya je bayarwa a kan akuya.”

Na ce, “Yanzu yana ina?”

“Na dai baro shi a can.”

Na zauna a kan turmi. Nan ya ba ni shawarar da ta kashe ni. Ya ce ba a barin mutum ya koma gida ɗaukar kaya, da abin da ke jikinka za a wuce da kai. Siminti ake kwana a kai, sauro kamar ƙudan zuma, wake kuma a tafin hannu ake zuba maka. Mai hankali, in ji shi, da shirinsa yake shiga kotu, amma kada ya riƙe jaka, don jaka ita ake fara ƙwacewa.

Kafin Talatar nan abinci ya daina wuce mini. In na ɗaga loma sai in ga ƙofar baya. Na riƙa maimaita wa kaina, hagu ya fito, hagu ya fito, har na fara shakka. Hagun wa? Nawa ko na direba? Na koma bakin titi na tsaya inda Baba Yakubu ya tsaya, na juya, na sake juyawa, har mai ƙosai ta tambaye ni ko lafiya.

Da safiyar Talata na yi shiri. Na sa wando uku, ɗaya a kan ɗaya, da riga biyu da suwaita. Matata tana kuka ta naɗa mini zanenta a ciki, don ya zame mini bargo. A cikin naɗin muka cusa ledar garin rogo, da ƙuli-ƙuli, da guntun sabulu, da ɗan ƙaramin Sabon Alkawari, da cokali. Na ɗora babbar rigata ta zuwa coci a sama. (Watan Maris ne fa, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake.) Na dafa kan yarana ɗaya bayan ɗaya na ce su riƙa jin maganar uwarsu. Keke ma ban iya hawa ba, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Da ƙasa na tafi, ina tafiya kamar agwagwa.

Kotun cike take. Ga Baba Yakubu da sandarsa, ga uwar matata a benci na biyu, ga matan zumunta na cocinmu sun zo taya dattijo zama. Fanka ɗaya ce a sama, ita ma ba ta juyawa. Wani ɗan sanda ya daka tsawa, kowa ya miƙe, sai ga majistare ta shigo. Mace ce, da tabarau, fuskarta ba alamar wasa.

Shari'ar da aka fara yi ta wani saurayi ce da ya saci injin ban ruwa. Ban ji Turancin ba, amma na ga ƙarshensa. Ta yi rubutu, ta yi magana a taƙaice, ɗan sanda ya kama yaron a ƙugu ya fita da shi ta wata ƙaramar ƙofa a bayan akwatin da ake tsayar da wanda ake tuhuma. Uwarsa ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. Na ce a raina, ashe Lauya bai yi ƙarya ba, ga ƙofar. Gumi ya riƙa bin bayana yana taruwa a cikin zanen. Na ji garin rogo ya fara kumbura.

Aka kira shari'armu. Oga Okeke ya shiga akwatinsa ya tsaya. Aka yi 'yan maganganu, sai na ji sunana, cikakke, har da na ubana. Na tashi. Idona ya rufe, ban ga komai ba sai akwatin da na ga an fitar da yaron nan daga ciki, na ce ai nan ne wurina. Na je na buɗe na matsa kusa da Oga Okeke.

Ya dube ni ya ce a hankali, “Baban Rahila, nan nawa ne. Naka yana can. Ko kai ma ka kashe alade?”

Aka fara 'yar dariya. Tafinta ya nuna mini ɗaya akwatin, na juya zan tsallaka ɗakin. Ina tsakiyar fili, daidai gaban teburin majistare, naɗin cikina ya saki. Cokali ya bi ta ƙafar wando ya faɗo a kan siminti, ƙwal!

Ka tuna irin lokacin da ake ciki. Mutum ya shigo kotu da ciki a kumbure, yana zufa, idonsa ja, ga ƙarar ƙarfe. Wata mata ta ce, “Wuƙa!” Kafin ka ce me, benci ya kife, mutane sun yi ƙofa. Lauyan Oga Okeke ya shige ƙarƙashin tebur da baƙar kwat ɗinsa. Ɗan sandan kotu ya yi tsalle ya shaƙe ni ta baya, wani kofur ya shigo da gudu yana gyara bindiga.

“Ɗaga hannu! Me ka ɗaure a ciki?”

Na ɗaga hannu. Na tabbata a ranar zan mutu, a kan alade da ko nawa ba ne.

A nan tsakiyar kotu suka tuɓe mini babbar riga. Suka cire suwaita. Kofur ya kama bakin zanen matata ya ja, ni kuma ina juyawa kamar ana warware ƙwarya daga tsumma. Ƙuli-ƙuli ya watse yana gangarawa ƙarƙashin benci. Sabulu ya faɗo. Sabon Alkawari ya faɗo. Ledar gari ta fashe, rabi ya zube a ƙasa, rabi ya riga ya jiƙe da gumi ya manne mini a cibiya. Kofur ya laluba ƙuguna ya ce, “Cire wandon.” Na cire. Ya ga wani. Ya ce, “Cire.” Na cire. Da ya ga na uku sai ya juya ya dubi majistare, ita kuma ta ɗaga hannu ta ce ya isa. (Allah ya saka mata da alheri, don na ukun nan a yage yake ta baya, shi ya sa na sa shi a ciki.)

Waɗanda suka gudu suka dawo suna leƙe ta taga. Na ji muryar uwar matata sarai tana cewa, “Wayyo Yesu, ai zanen da na ba ta ne na aure.”

Na durƙusa. Na ce, “Ranki ya daɗe, na san ta can za a fita da ni. Ban ƙi ba. Roƙona ɗaya, a bar mini zanen, an ce sauro ya yi yawa.”

Tafinta ya fara juya maganar, ta dakatar da shi. Ashe tana jin Hausa fiye da ni. Ta cire tabarau ta ce, “Malam, wa ya ce maka za a ɗaure ka?”

“Lauya ne, ranki ya daɗe.”

Ta dubi lauyan Oga Okeke, wanda yake fitowa daga ƙarƙashin tebur yana kakkaɓe gwiwa. Ya ce bai taɓa ganina ba a rayuwarsa.

Na ce, “Ba wannan ba. Na gidan burkutu.”

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Har Baba Yakubu, da ƙafarsa mai ciwo, sai da ya riƙe sanda da hannu biyu. Majistare ta sa takarda ta rufe fuskarta, amma ina ganin kafaɗunta suna rawa. Da ta natsu ta ce in tashi in sa riga. Ta ce shaida baƙon kotu ne, ba a ɗaure shi sai in ya shirya ƙarya da gangan, kuma ko da ɗaure ni za a yi, duk wannan kayan a bakin ƙofar gidan yari za a karɓe su.

Na shiga akwatin da ya dace, na dafa Littafi na rantse. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya ce in faɗi abin da na gani, na faɗa. Lauyan Oga Okeke ya miƙe, na ce a raina yau ga ranar hagu da dama. Ya tambaye ni ko na ji ƙarar hon ɗin motar. Na ce na ji, amma bayan alade ya mutu. Ya zauna. Shi ke nan fa. Ko kofin kunu mai zafi ba za ka shanye ba a tsawon shaidar da na yi rashin barci a kanta.

Majistare ta ce na gama, ina iya tafiya, amma kotu ba wurin shanya gari ba ne. Aka miƙo mini tsintsiya. Na duƙa ina share gari a gaban surukaina da matan cocinmu, ina bin ƙuli-ƙuli ƙarƙashin ƙafafun mutane, suna ɗaga mini ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Oga Okeke ya sunkuyo daga akwatinsa ya ce, “Ka ajiye mini kaɗan, wataƙila ni ne zan bukata.” (Tara aka ci shi, da yamma na gan shi a shagonsa.) Na fita ta ƙofar gaba, da wando biyu a kafaɗa.

Abin da na koya shi ne, in gwamnati ta kira ka, ka tambayi wanda ya kawo takardar, ka kuma buɗe kunne ka ji shi har ƙarshe. Kada ka kai tsoronka wurin wanda maciji ya taɓa sara, don shi ko igiya ya gani maciji zai ce maka. Wani lokaci ma nakan ce da ɗaurin aka yi mini da ya fi sauƙi. Fursuna ana faɗa masa ranar fitarsa. Ni kuwa har yau, in na tsaya sayen wando a kasuwa, sai mai shago ya tambaye ni guda nawa zan sa.