Ta'aziyyar da Na Yi wa Mawaƙiya

Ba zan taɓa mantawa ba da Larabar da na tara matan unguwarmu ta Mansur, a nan Makka, zaman makokin matar da take raye.

Ɗana na fari (ba na kiran sunansa, kun san al'ada) yana ƙasar Suwidin. Can ya auri Baturiya, ta musulunta, ake ce mata Maryam. In ya yi kiran bidiyo a jawwal, wato wayar hannu, ƙanwarsa Rabi ke riƙewa. Ni dai in ce "Lafiya lau," in kau da kai, in riƙa leƙe ta wutsiyar ido. A bangon falonsu akwai ƙaton hoton wata dattijuwa mai farin gashi. Wa ke rataye hoton bare a ɗaki? Na ce a raina, uwar Maryam ce.

Rannan ya kira, sai na hango Maryam a bayansa tana sharɓar kuka gaban talabijin. Ga matar hoton nan ana nunawa, tun tana budurwa har ta tsufa, mutane a tsaye, furanni tuli. Na ce innalillahi, ashe babbar mace ce a garinsu. Ban tambayi ɗan nan ba. Ina ni ina doguwar magana da ɗan fari?

Bayan sati biyu suka zo Umra. Surukata ta farko, ganinmu na farko, ga ta marainiya. Ai ba za a ce dangin miji ba su san ya kamata ba. Na daka gumba, na dafa gahawa, na sa aka aro darduma har daga unguwar Utaibiyya. Hajiya Ladi maƙwabciyata ta ce, "To Yaya, wace addu'a ake yi wa wadda ba ta salla?" Muka yi ta ja, muka tsaya a kan "Allah ya ba da haƙuri."

Maryam na shigowa na kama hannunta, na fashe da kuka. Mata suka ɗauka. Baiwar Allah ta tsaya zuru, tana duban mijinta.

Ya ce, "Inna, wa ya rasu?"

Na dubi bango na ce, "Rabi, gaya masa, surukarsa mana. Mai hoton falo."

Sai ya zauna dirshan a bakin ƙofa yana dariya har da hawaye. Wai mawaƙiya ce! Tun Maryam na rarrafe matar ke waƙa a talabijin, tana ba mutane dariya duk Asabar. Ranar nan bikin ajiye waƙarta ake yi. Ba ta mutu ba, ba ta ma san da wata Maryam a duniya ba.

Hajiya Ladi ta ce, "Yaya, gumbar fa? Mun riga mun ci."

Da aka fassara wa Maryam, ta rungume ni, ta kira uwarta ta gaskiya a jawwal. Ga ta nan jajir, tana cin tuffa, tana ɗaga mini hannu. Na ce, "Sannu da... sannu dai."

Har yau ban gane kukan da ake yi wa wanda bai san sunanka ba. Amma na koyi abu guda: kafin ki kafa turmi, tambayi wa ya mutu, ko da bakin ɗan fari za ki ji.