Agogona Ya Ce In Ci Kaza

Wata ranar Litinin na shiga layin mai tun rana ba ta yi zafi ba, na fita bayan azahar ko ɗigo bai shiga tankina ba. Saura mota huɗu in kai famfo sai ga jiniya. Aka buɗe ƙofar baya, wasu baƙaƙen motoci shida suka shige, suka sha suka ƙoshi, suka wuce. Mai sayarwa ya rataye tiyo, ya ce mana da fara'arsa, "Sai kuma gobe." Na murɗa makulli, motata ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Mu uku muka tura ta gindin wata katanga, na kulle ta, na kamo hanyar gida a ƙafa.

Ban yi fushi ba, jama'a. Ni mutum ne mai godiya, kuma na san manyanmu lafiyata suke dubawa. Domin kafin nan da wata guda likita ya dube ni, ya dubi tumbina, ya ce hawan jini ya riga ya shigo ya zauna, suga kuma yana bakin ƙofa yana sallama. Ya ba ni wata uku in sauke kilo takwas, in ba haka ba in fara shan magani safe da yamma har ƙarshen rayuwa. Na tuna yayana da sai ya haɗiye ƙwaya biyar kafin ya karya kumallo. 'Yata ta fari, wadda ke karatun jinya, ta aiko mini da agogo mai ƙirga taku, yana kuma faɗa maka kalori nawa ka ƙona, wato ƙarfin abincin da jiki ya cinye wajen motsi. Uwargida kuwa ta ɗauki aikin gadi a ƙofar kicin, ba ta hutun Asabar bare Lahadi.

Da na iso gida ina haki, na duba agogo. Ɗari tara cif.

Na ce, "Maman yara, zo ki gani da idonki."

Ta ce, "Sannu da hanya. Ga ganyenka da ƙwai ɗaya."

"Ba ki gane ba. Ɗari tara na ƙona a titi. Yanzu akwai gurbi a cikin nan, kuma gurbin daidai yake da cinyar kaza biyu da shinkafa."

"Malam, likita cewa ya yi ka rage. In ka kwashe ruwa daga randa ka juyo ka mayar, me ka rage?"

Muna cikin haka sai ga maƙwabcina Mai Faci ya leƙo aron guga. Mutum ne siriri kamar sandar tsintsiya, ga shi faranti uku yake tashi da shi a zama ɗaya. Ya saurari ƙarar kowa, ya gyara tsayuwa.

Ya ce, "Uwargida, ki ba shi. Taya ma in ta ci hanya sai an ƙara mata iska. Kuma na'ura ce ta faɗa, ita ba ta da son zuciya."

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Cikinka ne." Ta zubo. Tun daga ranar, duk abin da agogo ya ce na ƙona da rana, sai na mayar da shi da yamma, ban taɓa barin ko ɗaya ya kwana a waje ba.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, sai da aka gayyaci unguwarmu Babban Tattakin Lafiyar Al'umma. Aka ce ƙarfe bakwai. Ƙarfe goma saura sai ga Mai Girma Babban Mai Almakashi, wanda ba a buɗe ko famfon ruwa sai ya yanka kyalle. Ya fito cikin farin takalmi da sababbin kayan motsa jiki, takardar shago tana reto a bayan wuya. Wani yana riƙe masa lema, wani yana fifita, motar asibiti tana binsa a hankali. Muka taka daga ƙofar fili zuwa rumfa. Agogona ya ƙirga taku ɗari biyu da goma sha biyu. Aka yi tafi, aka ba shi tawul.

A jawabinsa ya yi alkawarin hanyar masu tafiya a ƙafa a kowane titi. Wannan ne karo na uku da na ji alkawarin, kuma Allah ya sani yana ƙara daɗi a kunne. Dutsen da aka aza na harsashin aikin a karon farko, shi Mai Faci yake zama a kai yana liƙe tayoyi, saboda haka kada wani ya ce aikin bai amfani kowa ba.

Daga nan aka yaye mayafin tebura. Jama'a, kaji sun ga ta kansu. Mu aka ba mu hula da ruwan leda, muka tsaya bayan igiya muna kallo. Na ga mutumin da ya yi taku ɗari biyu ya mayar da na dubu ashirin, ya nemi ƙari. Na taɓa Mai Faci na ce, "Ka gani ko? Ashe abin da nake yi tsari ne daga sama."

Ranar awo Uwargida ta raka ni asibiti. Na cire takalmi, na cire hula, na ajiye makullai, na hau sikeli. Nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau a kan hanci, ta duba ta sake dubawa.

Ta ce, "Baba, ka ƙara kilo biyu."

Na ce sikelin gwamnati ne, a sake. Aka sake, bai canza ra'ayi ba. Nan fa tsoro ya kama ni da gaske, na hango kwalaben yayana jere a kan tebur. Na miƙa mata agogo da waya, na ce ga shaidata. Ta yi ta latsawa.

"Jiya tsakanin la'asar da magariba ka yi taku dubu shida. Ina ka je?"

"Ba inda na je. Ina kan benci gaban shagon Mai Faci."

"Kuna me?"

"Muna tattauna halin da ake ciki."

Ta ɗaura mini agogon, ta ce, "Tattauna mini in gani."

Na fara da ramin da ke bakin titinmu, wanda aka ƙaddamar da cike shi sau biyu. Ban kai ga maganar wutar lantarki ba ta kama hannuna a sama. Taku ɗari da arba'in, ina zaune a kujera. Uwargida ta toshe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa.

Nas ta ce, "Agogon nan kintace yake yi, kuma yakan zuga mutum. In ka yi doguwar tafiya ta gaske, yunwa ta kama ka, ci rabin abin da ya faɗa ko ƙasa da haka, kada ka bar kanka da jiri. In ba ka jin yunwa, bar shi ya tafi. Na surutu kuwa ko loma ɗaya ba ka da ita."

Muna isa gida Uwargida ta koma bakin aikinta na gadin ƙofar kicin. Yanzu kullum da safe muna zagaya unguwa tare, tana gaba ina baya. In na zauna a benci sai in cusa hannu a aljihu, abin da ya sa Mai Faci yake zargin an saye ni. Kilo uku sun tafi, wandona na ɗaurin aure ya fara gane ni, likita ya ƙara mini wata biyu, ya ce maganin ya jira tukuna.

Af, na ji an ce Mai Girma ya kafa kwamitin mutum arba'in da zai binciko dalilin da ya sa jama'a ke ƙiba. Zaman farko a wani babban otal za a yi, ƙarfe ɗaya na rana. Na rubuta takardar neman a saka sunana don in bauta wa al'umma, Uwargida ta gan ta a aljihun riga, ta kunna murhu da ita.